Ajiyar Ɗan Fari

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Wutar unguwarmu ce ta yi yaji, mai ba da labarin malamin lantarki ta zauna ba caji. To ga shi nan. Amma wanda ya san yana da saurin fushi ya kurɓi ruwa tukuna, don ni kaina da nake rubutawa raina a ɓace yake.

Ga waɗanda suka same mu a hanya: Dakta Maikano malamin Fiziks ne a jami'a, a shekarun nan da arzikin man fetur ya fara hawa kan mutane. Sa'o'insa duk sun ajiye alli sun koma kwangila, kowa da sabuwar marsandi, shi kuwa ya liƙe a ɗakin gwaji yana dafa dutse. Akwai abin da wutar lantarki ke ratsawa a guje, kamar wayar jan ƙarfe, akwai wanda ba ta ratsa shi sam, kamar busasshen icce. A tsakaninsu akwai wasu duwatsu masu ra'ayin kansu, yanzu su ba ta hanya, an jima su tare, irin waɗanda ke cikin rediyo taransista. Samikondakta ake ce musu. Aikin Maikano shi ne ya gano yadda ƙwayoyin lantarki ke tafiya a cikin irin wannan dutse idan aka sanyaya shi ƙwarai.

Nasa dutsen da hannunsa ya haɗa shi. Dutsen kwalli ya samo, ya tace, ya narka a tanderu, ya zuba masa wani sinadari mai suna taliyam, wanda ko shi sai da safar hannu yake taɓawa. Shekaru ya yi yana dafawa yana zubarwa kafin guda ɗaya tak ya fito yadda yake so, bai fi kan babban yatsa ba. Abin da ya auna a jikin dutsen ya saɓa wa abin da ke cikin littattafai. Nan fa Dakta Barau, wanda suke neman kujerar Farfesa tare, ya miƙe a gaban kwamiti ya ce ƙirƙira ce, a kan tebur Maikano ya zauna ya tsara alƙalumansa. Kwamiti ya ce magana ɗaya ce, a kawo dutsen a auna a gaban kowa. In ya nuna abin da Maikano ya ce, kujera tasa ce. In babu dutse, ya tattara nasa ya nasa ya bar jami'a da sunan maƙaryaci.

Dutsen kuwa ba ya jami'a. Tun lokacin da ɗalibai suka yi bore aka fasa ɗakin gwaji, Maikano ya naɗe shi a auduga, ya sa a ƙaramin gwangwani, ya kai shi inda ya tabbata hannun Barau ba zai kai ba, wato gidansu da ke bayan garin Gwaram.

* * *

Da hantsi Fijonsa ta shiga Birnin Kudu. Layin gidan surukansa na nan bayan asibiti, inda matarsa Ruƙayyatu ke wankan jego. Ta haifa masa 'ya mace, 'yarsa ta fari, ko suna ba a yi ba, kuma har yau bai sa ta a ido ba. Ya rage gudu, ya kalli layin, ya ce a ransa ai mutum ba ya rawar ƙafa a kan 'yar fari, sai a ce ba shi da kunya. Ƙarya yake yi wa kansa. Ba kunya ce ta hana shi ba, dutse ne a ransa. Ya taka mota ya miƙe hanyar Gwaram.

Bappa Buba, ƙanin mahaifinsa wanda ya riƙe shi tun daga yaye, yana gindin tsamiyar ƙofar gida yana tufkar igiyar shanu.

"A'a, Likita! Saukar yaushe?"

Likita suke ce masa. Ya yi bayanin shi ba Daktan allura ba ne har ya gaji ya haƙura.

"Yanzun nan, Bappa. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya hanya? Ya mai jego? Ka ga amaryar tawa kuwa? An ce hancina ta ɗebo."

"Sai a komowa zan biya."

Bappa ya ɗago ya dube shi.

"Bappa, ajiyar nan na zo karɓa."

"Ko ruwa ba ka sha ba."

"Sauri nake. Gwangwanin nan da na ba ka, na ce a ba ta ta ajiye min."

"Ta" ɗin nan da kuka ji, Hajjo ce, mahaifiyarsa. Maikano ɗan fari ne, kuma gidansu ko da Fillanci ya gudu daga bakinsu, kunyar ba ta gudu ba. Tunda Hajjo ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa ce masa ci kanka ba. In ya shigo ta wannan ƙofa, ta fice ta waccan. Shi ma haka ya tashi, bakinsa bai san yadda ake ce mata Inna ba. Duk abin da zai shiga tsakaninsu sai ya bi ta hannun wani.

Bappa ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa.

"Na ba ta."

"Alhamdu lillahi. To a karɓo min."

"A karɓo? Yaushe aka fara karɓo kyauta?"



"Kyauta kuma? Wace kyauta?"

"Wadda ka kawo mata."

"Bappa, ajiya na ce! A nan, a gindin tsamiyar nan, na ce maka ajiya ce!"

"Na ji ka sarai, kunnena ƙalau yake. Ni ne na ga bai dace ba."

"Bai dace ba?"

Bappa ya ajiye igiyar. "Zauna, Likita."

"Ba zan iya zama ba."

"To ji a tsaye. Tunda ka fara aiki ka yi wa gidan nan rufin kwano, ka saya min keke, ka sa ƙannenka makaranta, Allah ya yi maka albarka. Amma ita, ita kanta, me ka taɓa cewa a miƙa mata? Ko sabulu? Ko ɗankwali?"

"Ai duk abin da na yi wa gida ita na yi wa."

"Haka kake gani. Rannan ka zo a fujajan, ka miƙo min abu, karon farko a duniya da ka ce a ba ta. Na buɗe na ga dutsen kwalli mai kyau, sai walƙiya yake. In je in tsaya a gaban matar yayana in ce ga shi, ɗanki ya ce ki yi masa gadi? Wallahi bakina ba zai iya ba. Na ce mata ga tsaraba in ji mutumin."

"Ka buɗe? Da hannunka ka taɓa shi?"

"Da ƙafa zan taɓa shi?"

Maikano bai tsaya jin sauran ba. Ya faɗa cikin gida ko sallamar bai ƙarasa ba.

Hajjo na zaune kan tabarma a inuwar rumbu, ƙafafunta biyu cikin daron ruwa. Autarta Zahara'u na durƙushe a bayanta tana tsefe mata kai. Suna jin takunsa Hajjo ta fizgo mayafi ta rufe kanta, ta juya fuska wajen danga. Zahara'u kuma ta dunƙule wani abu a hannu ta tura ƙarƙashin tabarma.

"Hamma! Sannu da zuwa. Gara da Allah ya kawo ka. Inna kwana biyu ba ta jin daɗi, tafin ƙafarta ke zafi kamar ta taka garwashi, ga ciwon ciki, ko furar ma ba ta..."

"Zahara'u, sau nawa zan gaya muku ni ba likitan asibiti ba ne? A kai ta Birnin Kudu a duba ta. Yanzu dai tambaye ta ina gwangwanin da Bappa ya ba ta."

Ku ji fa. Uwar da ta haife shi ce zaune, ƙafa a ruwa, amma ko sannu. Ni dai a nan Maikano ya fara ba ni haushi, duk da na san wutar da ke cin sa.

Tsakaninsa da Hajjo bai fi tsawon tabarma ba, amma sai da maganar ta zagaya.

"Inna, wai gwangwanin da..."

"Na ji," in ji Hajjo, murya ƙasa-ƙasa, fuskarta na danga. "Ki ce wa baƙon an gode. Allah ya yi albarka, ya ba shi masu yi masa."

"Ki ce mata ba godiya na zo karɓa ba. Dutsen nake so. Yanzu."

Zahara'u ta yi tsuru-tsuru. "Dutsen kwallin, Hamma?"

"Ba kwalli ba ne!"

"To ai... kwalli ne. Mun gani. Har ya fi na kasuwa baƙi."

"Baƙi?"

Ya matso.

"Dutsen da na kawo ƙyalli yake kamar azurfa. Ya aka yi kika san baƙinsa?"

Zahara'u ta kawar da kai.

"Zahara'u, da ke nake. Ya aka yi kika san baƙinsa?"

"An... an niƙa, Hamma."

Ya dafa jikin rumbu.

"An niƙa."

"Inna ce ta niƙa da kanta, ba ta bari kowa ya sa hannu ba. Sai da ta wanke dutsen niƙan tas, ta yi bisimilla..."

"Duka?"

"Duka. Ya yi laushi sosai."

Bappa ya shigo ya tsaya a bakin zaure, igiyarsa a hannu. Zahara'u ta ga yadda fuskar yayanta ta koma, ta yi maza ta nemo abin da take gani zai gyara.

"Hamma, don Allah kada ranka ya ɓaci. Yau kasuwar Gwaram ke ci. Kwalli tuli ne a wajen 'yan koli, wani ma ya fi wancan girma. In ka ce in je, yanzun nan in..."

"Kasuwar Gwaram!"

Ya yi wata irin dariya wadda gara kuka da ita.

"Kasuwar Gwaram! Shekarun da na yi a gaban tanderu, gashin girata ya ƙone, salla ta zo ta wuce ina gadin wuta kada a ɗauke dutse ya tsage, ashe abin yana kan faifan ɗan koli ban sani ba!"

"To ko garin za ka tafi da shi? Ai yana nan a tandu."

"Gari? Abin da nake aunawa hanyoyi ne a cikin dutsen, a jere suke kamar zaren saƙa, ta nan lantarki ke bi. Kun warware saƙar kun miƙo min auduga, kun ce in kai wa mutane su ga zane!"

"Likita, sassauta muryarka," in ji Bappa. "A gaban wa kake?"

"A gaban wa nake? A gaban mutanen da suka kashe ni nake! Barau ya daɗe yana neman hanyar da zai kayar da ni bai samu ba. An fasa ɗakin gwaji, ba a samu ba. Na ɗauko abin na kawo gidan ubana, na ce nan ne ba mai cutata. Ashe abin da Barau ya kasa, a gidanmu za a yi masa shi a ɓagas! In tsaya a gaban kwamiti a ce ina dutse, in ce me? In ce yana idon mutanen Gwaram? Maƙaryaci za a kira ni, Bappa. Ba kujerar ce ta dame ni ba, sunan ne! Duk ɗalibin da ya bi ta hannuna sai an nuna shi an ce malaminsa ɗan ƙirƙira ne."

"Da ka yi mana bayani..."

"Wa ya taɓa tambayata? Tunda nake, a gidan nan wa ya taɓa cewa Maikano, me kake yi a can? Likita, Likita! A kawo min mai ciwon ido, a kawo min saniya mai gudawa, in na ce ba aikina ba ne a ce girman kai. Ana cewa ƙato da shi yana wasa da duwatsu, duk ina ji. Kuma me ya jawo wannan? Wannan kunyar taku ta banza da wofi! Da ina iya tsayawa in ce wa matar nan ga abu, kada ki taɓa, da an yi haka? Uwa ta haifi ɗa ta mai da shi dodo! Ta gan shi ta juya baya kamar ta ga abin ƙyama! Shekara talatin da ɗoriya ban san muryarta a kaina ba, rana ɗaya da na nemi abu a wurinta, rana ɗaya tak..."

"Maikano."

Ba Bappa ne ya faɗa ba. Ba kuma Zahara'u ba ce.

Zahara'u ta dafe baki da hannu biyu. Bappa ya ce, "Subhanallahi," ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da laifi.

Hajjo ta juyo a hankali. Yau ne Maikano ya fara ganin idon uwarsa sosai. Sun faɗa ciki, sun yi ja, kuma an rambaɗa musu kwalli baƙi ƙirin.

"Ka gama?"

Ya sauke idonsa ƙasa.

"Tunda yau ka tsaga kunyar, bari ni ma in ƙarasa yaga ta. Kana tuna hutun da aka ba ku daga makarantar Birnin Kudu, lokacin da Turawa za su tafi?"

Ya gyaɗa kai.

"Akwai dutsen kwalli a ƙasan aduduna. Na uwata ne, ita ma daga tata uwar ta gada. Da shi aka yi min kwalli ranar da na zo duniya, da shi aka yi maka. Na neme shi sama da ƙasa na rasa. Rannan sai na ji gari ya taru a gindin tsamiya, wai ɗan Hajjo ya haɗa rediyo ba batir, da waya da allura da wani ɗan dutse, ana sa abu a kunne ana jin Kaduna. Na leƙa ta danga, na ga dutsena."

"Kin... kin sani?"

"Na sani mana. Na yi shiru. Wa zan gaya wa? In ce ɗan fari ya yi min sata? Maza da mata suka yi ta layi suna sa abin a kunne, suna jin ana cewa ƙasa ta samu 'yanci. A unguwar nan kaf ni kaɗai ce ban je ba. Ina bayan danga ina jin ana ta Maikano, Maikano, zuciyata kamar ta fashe don daɗi, ba halin in nuna. Ka ce ba a taɓa tambayar abin da kake yi ba. Duk zuwan da za ka yi, kana juya baya sai na tsare yarinyar nan. Me ya ce? Me ya ci? Ya rame? Dutsen nasa ya dahu kuwa? Ga ta nan, tambaye ta."

Zahara'u na hawaye, ta gyaɗa kai.

"Sai ga Bappanku ya miƙo min gwangwani ya ce tsaraba in ji ka. Na buɗe, na ga dutsen kwalli. Na ce Allah sarki, ashe yaron nan bai manta ba. Ashe ya san na sani. Yau ya biya ni dutsen uwata. Na ɓoye shi, in ba kowa in ɗauko in yi ta kallo. Da aka ce matarka ta kusa, na ce lokaci ya yi, na niƙa. Kullum da safe sai na lasa tsinke, in tsoma, in zizara, in ce yau ma da kwallin ɗana na tashi. Ban san ajiya ba ce. Da na sani, wallahi ko gobara ce ta kama gidan nan da shi zan fara fita."

Jama'a, ku gaya min, ina mutum zai kai fushinsa a nan? Maikano ya shigo da shi cike da ƙirji, yanzu ya rasa wanda zai sauke wa.

Hajjo ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan tandun fata. Ba ta miƙa wa Zahara'u ba. Shi ta miƙa wa, hannu da hannu.

"Ungo. Abin da ya rage ke nan. Ka yafe min."

Garin miƙowar ne mayafin ya zame daga kanta.

Hajjo mai gashi ce, duk Gwaram an san ta da shi, ko da furfura ta zo bai ragu ba. Yanzu kan nata fili-fili ne, nan gashi, nan fata tas, har girarta ta soma sharewa.

Maikano ya tsaya cak.

In lasa tsinke, in tsoma.

"Zahara'u, me kika tura ƙarƙashin tabarma ɗazu?"

Ta sa hannu ta jawo. Gashi ne, cike da tafi.

"Tun wancan satin yake zubewa, Hamma. Ko shafawa aka yi sai ya biyo hannu. Inna ta ce kada in bari kowa ya gani. Mun ɗauka ko sammu ne, har Bappa ya karɓo rubutu."

Ba likitan asibiti ba ne, gaskiya ne. Amma kwalbar taliyam ɗin nan shi ya sa hannu ya karɓe ta, shi ya karanta gargaɗin da ke jikinta, shi yake tsawata wa ɗalibai in sun matso kusa da ita. Ƙafa ke fara zafi. Ciki ya biyo baya. Sannan gashi. Tun shigowarsa aka jera masa biyun farko a kunne, ya ce a kai ta Birnin Kudu a duba.

Kwamiti, Barau, kujerar Farfesa, ko ɗaya bai sake tunawa ba. Ya zube a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, ya kama ƙafafun nan da ke cikin daro.

"Inna."

Kalmar ta fito masa a karkace, don bakinsa bai saba ba.

"Inna, tun yaushe kike lasa?"

"Tun da na niƙa. Lafiya?"

"Bappa, kama min ita! Mota, asibiti, yanzu-yanzu! Akwai guba a dutsen nan. Irin wadda ake haɗa maganin ɓera da ita. Ni na zuba da hannuna!"

Igiyar ta faɗi daga hannun Bappa.

"Guba?"

"Bappa, ba lokacin..."

"Guba ka ɗauko ka kawo gidan nan, ka ce a ba uwarka, ba ka buɗe baki ka faɗa ba? Sannan ka tsaya a tsakar gida kana zagin kunya? To ita kunya ta hana ka yi mata magana, na ji. Ni fa? Ni ma kunyata kake ji? Ni da na goya ka a kafaɗar nan? Kalma ɗaya, Likita! Bappa, akwai guba, kada a buɗe. Me ya hana ka? Raini ne. Ka dube mu ka ga ba za mu gane ba, shi ya sa ka miƙo ka juya mota. Ni na yi nawa laifin, na mai da ajiya kyauta, Allah ya gani. Amma ni ban san abin da ke ciki ba. Kai ka sani!"

Maikano ya sa hannu zai ɗago Hajjo, sai ya ji tandun da ke tafinsa ba nauyi. Ya cire murfin ya leƙa.

Shi ya san girman dutsensa fiye da kowa a duniya. Garinsa ya isa ya cika tandun nan har baki. Abin da ke ciki ko rabi bai kai ba, kuma tsinken mutum ɗaya ba zai cinye wannan ba.

"Inna, ina sauran?"

Hajjo ta dubi Zahara'u.

"Inna, don girman Allah, wa kika ɗiba wa? Maƙwabta? Matan gidan nan?"

"Ban ba kowa ba," in ji Hajjo. "An roƙa na hana. Ko wannan ta roƙa na hana ta. Na ce kwallin ɗana ne, ba na gayya ba. Mutum ɗaya ce ta cancanta."

"Wa?"

Hajjo ta ɗora hannu biyu a kan nan nata da ba gashi.

"Zahara'u, wa?"

"Hamma... ranar da aka zo da albishir ɗin haihuwa, Inna ta raba shi biyu, ta zuba rabi a sabon tandu. Ni na kai Birnin Kudu da hannuna."

"Birnin Kudu wajen wa?"

"Wajen Adda Ruƙayyatu. Inna ta ce in gaya mata kada a sa wa jaririyar kwallin kowa sai na ubanta." Ta fashe da kuka. "Safe da yamma ake sa mata, Hamma. Tun ranar."

Layin nan na bayan asibiti, wanda ya rage gudu ya kalla ɗazu da hantsi, ya taka mota ya wuce.

Tandun ya suɓuce daga hannunsa.